Fadamar da Taswira Ta Ce Babu Ita

Ɗiyar ƙanwata tana karatun digiri na biyu a fannin nazarin ƙasa, kuma aikin da ta ɗauka shi ne ƙidayar fadamun da suka rage a ƙasar Daura. A watan Maris ta zo gidana bayan la'asar da kwamfutarta a jaka, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta buɗe mini abin da ta yi makonni tana fama da shi. Taswira ce mai ɗaukar ido: shuɗi inda ruwa yake, kore inda ake lambu, ruwan ƙasa inda ba komai sai fili. Ta ce, "Kawu, ba da hannu na zana ta ba. Hotunan tauraron ɗan adam na ba na'ura, ita ta tantance komai cikin 'yan mintoci." Na sa tabarau, na bi hanyar da na sani da yatsa har na isa ƙauyen kakanninmu, na nemi fadamar da ke gabas da gari, inda na yi ƙuruciya ina korar tsuntsu daga shinkafa. Babu ita. Wurin ya fito ruwan ƙasa fetal, kamar kowace jigawa.

Washegari da sassafe muka kama hanya. Abin da ido ya fara gani bai ƙaryata na'urar ba, don ƙasa ta bushe ta tsattsage, ciyawa ta ƙone, awaki na ta yawo a kai. Amma giyayya na nan a jere inda na bar ta tun ina yaro, kuma duk wanda ya san daji ya san giyayya ba ta tsayawa inda ruwa ba ya kwanciya. Muka tarar da wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba yana gyaran shingen ɗan lambunsa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, yarinyar nan ce ta zo da takarda daga makaranta, takardar ta ce nan ba fadama ba ce." Bai yi gardama ba. Ya ɗauki fartanya, ya yi 'yan taku, ya durƙusa ya fara tono. Kafin ya kai kamu biyu ƙasar ta sauya, ta yi baƙi ta yi danƙo, can sai ruwa ya fara tsattsafowa yana taruwa a gindin ramin. Ya ce, "Ɗiyata, sa hannunki." Ta sa. Ya ce, "In Allah ya kai mu Agusta, nan inda kike tsaye ruwa zai kai miki ƙugu. Yanzu ya shige ƙasa ne, kamar yadda gaiwa ke shigewa laka ta jira damina."

Tun ranar nake juya maganar nan a raina, kuma ga inda na tsaya. Ina goyon bayan a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ake koya wa tantance abubuwa da kanta, wajen nazarin fadama da dausayi, goyon baya har cikin zuciya, domin mu muka fi kowa buƙatarta. Amma duk taswirar da na'ura ta fitar ba tare da wani ya je ya taka wurin da ƙafarsa rani da damina ba, bai kamata malami ya sa mata hannu a jami'a ba, kuma bai kamata a yanke hukunci a kan ƙasar kowa da ita ba.

Buƙatarmu a fili take. A wannan yanki ruwan sama bai cika wuce wata 4 ba, sauran wata 8 kuwa fadama ce ke riƙe da mu. Tumatir da albasa da tattasai da attaruhun da ke cika kasuwar Daura da ta Mai'aduwa da rani daga nan suke fitowa. Nan makiyayi ke samun ɗanyar ciyawa da bazara lokacin da ko'ina ya zama toka, nan mai ginin tukwane ke ɗebo yumɓu, nan masunta ke samun tarwaɗa da karfasa. Akwai kuma aikin da fadama ke yi wanda ido ba ya gani: tana tsare ruwan damina ya kwanta, ya tsuma ƙasa a hankali, shi ne ruwan da muke ja daga rijiya a watan Afrilu. Duniya ta daɗe da gane darajar irin waɗannan wurare, shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar kare su a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Duk da haka rahoton da aka fitar ƙarƙashin yarjejeniyar a 2018 ya nuna duniya ta yi asarar kusan kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015, wato suna ɓacewa da saurin da ya ninka na dazuzzuka sau 3. Mu a Jihar Katsina mun san sunayen manyan madatsunmu, Zoɓe da Jibiya da Ajiwa da Sabke da Dabiram da Mairuwa. Ƙananan fadamun da ke bakin kowace korama, waɗanda su ne ke ciyar da talaka kai tsaye, su ne ba mai ƙirga su. Ma'aikatan da ya kamata su riƙa zagaya su kaɗan ne, kuma ko suna da niyya, abin hawa da mai sukan gagara.

Ga kuma matsalar tsaro. Shekaru ke nan akwai fadamu a yankin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da ba uban da zai yarda ɗansa ya je ya kwana uku yana awon ruwa a cikinsu. Ni ma ba zan bar ɗiyar ƙanwata ta je ba. To, in akwai idon da zai duba mana waɗannan wurare daga sama ba tare da an sa ran kowa cikin haɗari ba, wane mai hankali ne zai ƙi shi?

Idon kuwa akwai shi, kuma kyauta ne. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun hotunan ga kowa ba ko sisi. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana dawowa kan wuri guda kusan duk kwana 5. A 2016 masu bincike na Tarayyar Turai suka bi hotunan Landsat kimanin miliyan 3 da kwamfuta, suka fitar da taswirar duk inda ruwa ya taɓa kwanciya a doron ƙasa daga 1984 zuwa 2015. Aikin da ƙarni guda ba zai ishi ma'aikata su yi da hannu ba ke nan. Yau ɗaliba a Daura mai 'yar ƙaramar kwamfuta da datar da ta saya da kuɗin aljihunta tana shiga Google Earth Engine, wani dandalin intanet na kamfanin Google, ta yi lissafi a kan waɗannan hotuna, domin nauyin aikin a can kan manyan injinansu yake. A zamaninmu ko tsohuwar taswirar takarda sai ka yi ta zarya ofis-ofis kafin a bari ka gani. Haka nan akwai manhajar Flood Hub da ke hasashen ambaliyar koguna har kwana 7 kafin ta zo, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da take dubawa. Wanda ya tuna daren Yulin 2018 a Jibiya, lokacin da ruwa ya ci mutum fiye da 40 ya rushe ɗaruruwan gidaje, ba zai raina duk wata hanyar gargaɗi ba. Irin wannan ruwa mai saukowa dare ɗaya ya fi ambaliyar babban kogi wuyar hasashe, amma ko sa'a 2 aka ba uwa ta kwashe 'ya'yanta, an yi mata komai.

To me ya sa na'urar ta kasa ganin fadamarmu? Da muka dawo na sa yarinyar ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma abin ba shi da wuyar fahimta. Na'urar ba ta san ruwa ba, ba ta san shinkafa ba. Nuna mata ake yi. Ana ɗaukar wurare ɗari ko dubu waɗanda an riga an san abin da ke cikinsu, a ce mata wannan ruwa ne, wannan lambu ne, wannan fili ne. Sai ta duba yadda kowannensu ke mayar da hasken rana, har da wani nau'in haske da idonmu ba ya gani, wanda ruwa ke shanyewa amma ɗanyen ganye ke mayarwa da ƙarfi. Daga nan ta bi sauran hoton tana cewa wannan ya yi kama da wancan. Iyakar saninta ke nan, abin da aka nuna mata. Misalan da yarinyar ta yi amfani da su kuwa ba ita ta tattara su ba, shiryayyu ta samu, kuma dausayin da ke cikinsu irin wanda ruwa ke tsayawa a kai ne ana ganinsa. Fadamar ƙasar Hausa ta sha bamban. Wata 3 tana ruwa, wata 3 tana laka, sauran shekara ruwan yana ƙarƙashin ƙasa. Wanda bai taɓa ganinta a Agusta ba zai rantse jigawa ce.

Kuma hotunan Maris ta zaɓa, don su ne tas babu hadari. Nan wahalar take. Lokacin da fadama ke cika, lokacin ne girgije ke rufe sama, tauraro ya dawo da hoton gajimare. Da hunturu kuma ƙura da hazo su dusashe hoton. Sannan ga girman abin da idon ke iya rarrabewa: a hoton Landsat ɗigo guda yana ɗauke da fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30, a na Sentinel-2 mita 10. Lambun dattijon nan, da 'yan kwamin albasarsa da rijiyarsa, narkewa ya yi cikin busasshiyar ƙasar da ke kewaye da shi. Kududdufin da kainuwa ko bado suka rufe kuwa, daga sama ganye ne kawai, na'ura ta rubuta shi a gona. Akwai tauraro mai amfani da rada, Sentinel-1, wanda ke ratsa girgije ya gani ko da dare, kuma yana da amfani ƙwarai da damina. Amma shi ma yana da tasa illar da ta shafe mu kai tsaye: busasshen rairayi mai laushi yakan fito masa baƙi kamar yadda ruwa ke fitowa. A ƙasa irin ta Daura da Zangon Daura da Ɓaure, inda rairayi ya fi komai yawa, sai ya nuna maka tafki a inda ko ɗigon ruwa babu.

Misali mafi girma yana gabas da mu, a dausayin Haɗeja da Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya sauya. Wuraren da a da suke cika su janye suka koma riƙe ruwa shekara duka, ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki mai cinye hatsi. Daga sama kachala kore ce shar, ta fi kowace gona kyan gani. Na'urar da ba a koya mata bambanci ba za ta iya lissafa ta a shinkafa, ko ta ce dausayi na ƙara lafiya. Masuncin Nguru da ke sara da adda kafin kwalekwalensa ya wuce ya san masifa ce. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa masa?

Kuskure kansa bai dame ni sosai ba, don kowane awo yana da nasa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne kuskuren na'ura yana zuwa da kwalliya. Taswira mai launi, da lambobi a gefe, da tambarin jami'a, in aka ajiye ta a kan teburin taro ba mai ƙarfin halin cewa ƙarya take. Kuma a ƙasar nan takarda na da nauyi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da aka rubuta a ofis game da wani wuri yana iya rinjayar abin da mutanen wurin suka sani tun kaka da kakanni. In taswira ta ce fili ne, gobe sai a yanka filaye, a sayar wa bayin Allah da suka yi shekaru suna tara kuɗin gini. Su gina da rani, ruwa ya dawo gidansa da damina. Mun ga irin wannan ba tare da wata na'ura ba a cikin birnin Katsina da sauran tsofaffin garuruwanmu, inda kududdufan da aka haƙa don ɗebo ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan unguwa, aka cike su da shara aka yi gini a kai, ruwan ya koma bin lunguna yana shiga ɗakunan mutane. Tsorona shi ne a ci gaba da wannan ɓarna, wannan karon da hujjar kimiyya a hannu.

Akwai kuma mutanen da ba za su taɓa fitowa a hoton tauraro ba. Hoton yana ganin tumatir domin tumatir na zaune wuri guda wata 3. Ba ya ganin garken da ke saukowa mashaya sau ɗaya a yini, ba ya ganin burtalin da dattawa suka yarda da shi tun kafin a haife mu, ba ya ganin matar da ke ɗebo yumɓu ko mai yankan ciyawar saƙar tabarma. Mun riga mun sha wannan darasi. Lokacin da aka fara shirin Fadama da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, an raba injinan ban ruwa, an haƙa ƙananan rijiyoyi, noman rani ya bunƙasa, mutane da yawa suka samu rufin asiri. Amma da yake manomi kaɗai aka sa a gaba, lambuna suka miƙe har bakin ruwa, makiyayi ya rasa ta inda zai bi, rigima ta ƙaru a wurare da dama. Sai a zagaye na biyu na shirin aka gyara, aka ce a zauna da duk masu cin moriyar fadama, makiyaya da masunta da mata. In yanzu muka bar na'ura ta faɗa mana amfanin kowace fadama, komawa za mu yi gidan jiya, don ita ma manomi kaɗai take gani. A jihar da rikicin noma da kiwo ya riga ya ci rayuka, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da dattijo ya faɗa shi ne gaskiya. Tunanin ɗan adam yana mantuwa, yana ƙari, kuma kowa fadamar garinsu kaɗai ya sani. Wani lokaci ma akwai son rai, don wanda ke rigimar iyaka ba zai ba ka tarihin da zai kayar da shi ba. A wannan tafiya tamu na ga haka da idona. Arewa da fadamar akwai wani tafki babba wanda a da ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa, yanzu kuwa kafin ƙarshen hunturu ya bushe. Dattijon ya ce ƙarancin ruwan sama ne kawai, zamani ne ya sauya. Yarinyar ta koma ta jero tsofaffin hotunan wurin shekara bayan shekara. Sai ga shi tafkin ya ƙanƙance a shekarun fari ya sake dawowa, amma raguwar da ba ta dawo ba ta fara ne bayan an yi wata hanya da ta ratsa koramar da ke shayar da shi, aka sa mata kwalbati ƙarami. Da ta nuna masa ya yi shiru, can ya ce, "Haka ne kuwa. Tun da aka yi hanyar nan ruwa ke taruwa ta can gefe." Ya san abin, amma bai taɓa haɗa biyun ba sai da hotunan suka jera masa shekarun a gabansa. Shi ya nuna mata ruwan da tauraro bai gani ba, ita ta nuna masa shekarun da suka shige masa.

Sai ɗaya nau'in na'urar, wadda ake yi wa tambaya ta amsa da rubutu. Ita ce ta fi shiga hannun ɗalibai tun ƙarshen 2022, kuma ita ce na fi jin tsoro. Yarinyar ta ce tana taimakonta ƙwarai wajen rubuta umarnin kwamfuta da gano inda ta yi kuskure a lissafi, abin da a da sai ta jira mako guda kafin ta samu malami ya duba mata. Wannan alheri ne, ba na musu. Amma ta ba ni labarin wani abokin karatunta da ya tambayi irin wannan manhaja kifayen da ke wani dam a jihar nan. Ta jero masa sunaye cikin tsararren Turanci, ta haɗa da sunayen littattafai da marubuta da shekaru. Da aka je nema, wasu daga cikin littattafan babu su a duniya. Haka aka gina ta: tana harhaɗa kalmomin da suka saba zuwa tare, kuma inda ba a yi rubutu da yawa a kan wuri ba, kamar fadamunmu, sai ta cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya. Malami ɗaya mai duba aikin ɗalibai da yawa ba zai iya bin kowane layi ba. In ba a yi hattara ba za mu yaye masanan fadama da ba su taɓa cire takalmi sun shiga laka ba, ba su san warin ruwan da ya kwana ba, ba za su iya bambance burugu da kachala ba, ba su san kududdufin da ke da katantanwar da ke yaɗa tsargiya ba. Kuma rubutunsu na ƙarya zai hau intanet, na'urar gobe ta karanta shi a matsayin ilimi.

Maganin bai wuce mu zama masu koya mata ba, kuma wannan aiki ne da muke iya yi da abin da ke hannunmu. Ɗauki tsuntsaye. Akwai manhajoji irin su Merlin da BirdNET da ke jin kukan tsuntsu su faɗi sunansa, kuma masu nazarin dausayi na amfani da su don yawan tsuntsu da ire-irensa na nuna lafiyar wuri. Sun fi ƙwarewa a kan tsuntsayen Turai da Amurka saboda can aka fi naɗar kukansu. Mu kuwa muna da maharba da masunta da yaran ƙauye waɗanda ko a duhu suka ji kuka za su ce maka wannan kirinjijiya ce, wancan zalɓe ne, waccan dinya ce, kuma su ne za su gaya maka yaushe rabon da su ga gauraka, da ranar da shamuwa ta sauka bana. Wayar hannu ta isa a naɗi kukan, a faɗi sunan da Hausa, a rubuta wuri da rana. Haka ruwan ƙasa: igiya mai ƙulli-ƙulli da littafi guda sun isa ɗan sakandare ya auna zurfin rijiyar lambu duk Juma'a. Shekara 5 na irin wannan awo a rijiyoyi 100 zai gaya mana ko injinan ban ruwa na zuƙe fadama fiye da yadda damina ke mayarwa, tambayar da hoton sama ba zai amsa ba.

Ina ganin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma su ne ya kamata su ɗauki wannan nauyi, su haɗa rumbu guda na misalan fadamun Katsina: wuri kaza, ranar kaza, ga hotonsa daga ƙasa, ga abin da ke ciki, ga sunan da mutanen wurin ke kiransa. Kowane ɗalibi ya zuba nasa, na bayansa ya ɗora a kai, maimakon kowa ya fara daga farko ya kuma tafi da abinsa in ya gama. Kuɗin ma ba sai an je nesa ba. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, an yi shi ne don farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ina roƙon masu riƙe da irin waɗannan shirye-shirye su tuna cewa sayen kwamfuta da jirgi marar matuƙi shi ne ɓangare mai sauƙi. A ware kuɗin mai, da kuɗin takalmin roba, da ladan dattijon da ya bar aikinsa ya zagaya da ɗalibi yini guda. Iliminsa ne ake ɗora na'urar a kai, don haka a biya shi, a kuma rubuta a cikin aikin cewa daga mutanen gari kaza aka samo. Inda tsaro ya hana zuwa, a buga wa mutanen wurin waya, su turo hoto ko saƙon murya ta WhatsApp in da hali. In hakan ma ya gagara, a shafa wa wurin wani launi dabam a kan taswira, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa nan hasashen na'ura ne, ba a je an gani ba. Jami'in da zai yanka fili yana da haƙƙin sanin haka, mutanen da za a yanka wa ƙasa sun fi shi haƙƙi.

Kuma a mayar wa mutane abin da aka samo. Sau nawa ake zuwa ƙauye da takardar tambayoyi, a cika, a tafi, ba a sake jin ɗuriyar kowa ba? Sakamakon ya fito da Hausa, a karanta shi a rediyo, a kai wa dagaci da sarkin noma da ardo da sarkin ruwa kofe su ajiye. Gargaɗin ambaliyar da ya tsaya a shafin intanet da Turanci bai kai ga matar da ke kwana a bakin korama ba.

Yarinyar ta sake aikinta daga tushe. Ta jinkirta gamawa da zango guda, abin da bai yi wa mahaifiyarta daɗi ba, kuma na fahimce ta, don kuɗin makaranta ba wasa ba ne. Ta zagaya ƙauyuka da ƙanenta a kan babur, ta tsaya a wurare da dama tana ɗaukar hoto tana rubuta abin da ta tarar, ta haɗa hotunan rani da na damina da na rada, ta sake koya wa na'urar da misalan da ta tattaro da kanta. A ƙarshen Agusta muka koma. Ruwa ya kai inda dattijon ya ce, shinkafa ta yi kore, kwaɗi na ta kuka tun kafin magariba. Ta ciro sabuwar taswirar da ta buga a babbar takarda ta shimfiɗa masa a kan tabarma, ta nuna masa masallaci da kasuwa da hanya don ya gane inda yake. Ya bi da yatsa a hankali har ya kai fadamar, wadda yanzu ta fito da launinta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya matsar da yatsan kudu kaɗan ya ce, "Ɗiyata, nan fa? Akwai wani hannu da ke shiga bayan gonar liman, shi ne na ƙarshe da ke bushewa, nan shanu ke sha da bazara. Ban gan shi ba." Ta duba, babu shi. Ta ɗauko biro ta zagaye wurin, ta tambaye shi sunan da ake kiransa, ta rubuta a gefe. Ta ce in an yi sallar asuba za su je ya nuna mata.